Tauraro na Huɗu: Yadda Neman Hanya Ya Koma Hannun Masu Agogo

Ranar 22 ga Fabrairu, 1978, rundunar sojan saman Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko na tsarin Navstar, wato GPS, daga sansanin Vandenberg a jihar Kalifoniya. Muhimmin kayan da ya ɗauka agoguna ne da na'urar watsa siginar rediyo, kuma har yau magadansa haka suke. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini, ba sa ganin wayar kowa, ba sa sauraronta. Aikinsu shela ce ta abu biyu, ba dare ba rana: ga ƙarfe nawa a wurina, ga kuma inda nake. Sauran lissafin duka a cikin wayar ake yin sa. Wannan ya sa nake ganin tarihin GPS ya fi dangantaka da maƙeran agogo fiye da masu kallon taurari ko maƙeran roka, kuma dabarar da ta raba gardama a cikinsa ita ce sauke wa matafiyi nauyin riƙe agogo mai tsada. Shekaru ɗari biyu matafiyi na ɗauke da wannan nauyi, sai a ƙarni na ashirin aka sami yadda za a karɓe masa shi, kuma karɓewar ta zo da farashinta.

Lissafin da ake dogara da shi ba shi da wuya. Idan mutum ya san nisansa daga wani gari da aka san mazauninsa, to yana kan wata da'ira da ta kewaye garin. Idan ya san nisansa daga gari na biyu, da'irorin biyu za su haɗu a wurare biyu, yana ɗaya daga cikinsu. Nisa daga gari na uku shi ke tsayar da magana. A sararin sama da'ira takan zama ƙwallo: ƙwallaye biyu suna haɗuwa a kan zobe, na uku ya yanke zoben a wurare biyu, ɗaya kusa da doron ƙasa, ɗayan kuma can cikin samaniya inda babu mai waya, sai a jefar da shi. Wannan shi ne awon nisa daga wurare uku, kuma wani zai iya cewa ai nan zuciyar al'amarin take, agogo ɗan rakiya ne. Amsar tana cikin tarihi. Masana lissafi sun san yadda da'irori ke haɗuwa tun zamanin Girkawa, amma masu zana taswira sun yi ƙarnuka suna kauce wa wannan hanya, saboda dalili guda: auna nisa mai tsawo aiki ne mai cin rai. Wa zai ja sarƙa ta ratsa dutse da kogi da fadama har kilomita ɗari? Kusurwa kuwa daga kan tudu ake auna ta, mutum na tsaye.

Shi ya sa sana'ar safiyo ta ginu a kan kusurwa. Gemma Frisius ya bayyana hanyar a rubuce a 1533, Willebrord Snellius kuma ya yi aiki da ita a Holan a 1615 tsakanin garuruwan Alkmaar da Bergen op Zoom. A kan auna layi guda gajere da matuƙar kulawa, sannan a yi ta ɗora alwatika a kan alwatika, ana auna kusurwoyi kawai, lissafi yana fitar da tsawon sauran ɓangarorin. Da William Lambton ya fara babban awon ƙasar Indiya a 1802, layin da ya auna da sarƙar ƙarfe kusa da Madras kimanin kilomita 12 ne kawai, kuma a kan irin waɗannan layuka ƙalilan aka ɗora aikin da ya ɗauki kusan shekaru saba'in. Haka Turawan mulki suka auna Nijeriya, suka kafa tushen awon a Minna. Ba a fara dogara da awon nisa sosai ba sai bayan 1957, lokacin da na'urar Tellurometer ta Trevor Wadley, injiniya ɗan Afirka ta Kudu, ta shiga kasuwa. Ita kuwa abin da take yi shi ne aika igiyar rediyo zuwa wata na'ura a nesa ta dawo, ta gano jinkirin da aka samu. Wato tun a ƙasa, awon nisa bai tsaya da ƙafarsa ba sai da nisa ya zama abin da ake karantawa daga lokaci.

A teku kuwa alaƙar wuri da lokaci ta girmi haka. Matuƙin jirgin ruwa yana iya sanin nisansa arewa ko kudu daga tsayin rana da tsakar rana, amma gabas da yamma sun gagare shi, domin duniya na juyawa, sama ba ta ba shi wata alama tsayayya. Duniya kan juya digiri 15 a kowace awa, saboda haka wanda ya san ƙarfe nawa ne a tashar da ya baro, a daidai lokacin da rana ta tsaya a kansa, ya san inda yake. Bayan asarar jiragen yaƙi huɗu da mutane fiye da dubu a tsibiran Scilly a 1707, majalisar Birtaniya ta kafa dokar 1714 mai alkawarin ladan da ya kai fam 20,000. John Harrison, kafinta da ya koya wa kansa ƙirar agogo, ya ba da amsa da agogonsa na huɗu, wanda aka gwada a tafiyar Jamaika a 1761 zuwa 1762 ya kauce da kimanin daƙiƙa biyar kawai, bayan an cire saurinsa da aka riga aka sani. Abin lura shi ne a hannun wa agogon yake. Yana cikin jirgi, a cikin akwati, ana ba shi wani a kan kari, ana kare shi daga zafi da girgiza, kuma in ya tsaya an shiga uku. Jirgin Beagle da ya ɗauki Charles Darwin a 1831 agoguna 22 ya tafi da su, don kowanne ya zama shaida a kan ɗan'uwansa. Sanin wuri a wancan zamani na mai iya sayen agogo ne.

Mai kaifin hankali zai ce haɗa Harrison da GPS son labari ne kawai, tunda agogon Harrison juyawar duniya yake aunawa, na GPS kuwa tafiyar sigina. Gaskiya ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. A kan layin da ya raba duniya arewa da kudu, ƙasa na juyawa da gudun kimanin mita 465 a daƙiƙa, don haka kuskuren daƙiƙa ɗaya a agogon jirgi bai kai rabin kilomita ba. Igiyar rediyo kuwa da gudun haske take tafiya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren daƙiƙa ɗaya zai kai mutum kusa da wata. Amma wannan bambanci ƙarfafa hujjar yake yi. Tambayar ba ta sauya ba, wato mene ne tazarar lokaci tsakanin nan da wani wuri da aka sani, sai dai buƙatar daidaito ta ninka sau dubu ɗaruruwa, har ta fi ƙarfin duk wani agogo da mutum zai iya sawa a aljihu. Matakin farko na kuɓuta ya zo a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsarin Gee na Birtaniya, wanda Robert Dippy ya ƙirƙira aka fara aiki da shi a 1942, da LORAN na Amurka da ya biyo baya, sun sa tashoshi a ƙasa suna aika sigina a tare, mai jirgi yana auna bambancin isowarsu kawai. Bambanci ba ya buƙatar agogon mai jirgi ya dace da na tasha. Tashoshin ne za su dace da juna. Daga nan ɗawainiyar ta fara barin matafiyi.

Wani kuma zai ce sabon abu na gaskiya shi ne tauraron kansa, domin shi ya ɗaga tashar sama ta yadda za a ji ta ko'ina. Tarihin Transit ya nuna iyakar wannan magana. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba, 1957, wasu matasan masana biyu a ɗakin binciken jami'ar Johns Hopkins, William Guier da George Weiffenbach, suka saurari siginarsa suka lura amonta na sauyawa, kamar yadda hon ɗin babbar mota ke tashi in tana tunkaro mutum ya kuma sauka in ta wuce. Daga wannan sauyi suka lissafa falakin tauraron. Frank McClure ya juya tambayar a 1958: idan an san falakin, ai sauyin amon zai nuna inda mai sauraro yake. Haka aka haifi Transit, wanda ya fara yi wa jiragen ƙarƙashin ruwa masu ɗauke da makamai masu linzami na Polaris aiki a 1964, aka buɗe shi ga farar hula a 1967. Taurari ne na gaske, a nisan kimanin kilomita 1,100, amma sai mutum ya jira awa ko fiye kafin ɗaya ya gifta, ya saurare shi na minti goma zuwa sha biyar, ya kuma san gudun jirginsa daidai, sannan ya sami wurinsa ba tare da tsayinsa ba. Jirgin ruwa zai iya wannan haƙuri, jirgin sama ba zai iya ba. Tauraro ya samu tun 1960, amma abin da muke kira GPS bai samu ba, saboda agogon da zai iya zama a sama bai riga ya nuna ba.

A 1955 Louis Essen da Jack Parry suka gina agogon siziyom na farko mai inganci a ɗakin awo na ƙasar Birtaniya, kuma a 1967 duniya ta amince a ayyana daƙiƙa da kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ƙwayar siziyom ke amsawa. Ma'aunin lokaci ya bar juyawar duniya ke nan ya koma cikin atam. Sai dai agogon da ke zaune a ɗaki mai sanyi daban, wanda zai jure girgizar roka da zafi da sanyin samaniya na shekaru daban. Wannan aikin Roger Easton da abokansa suka sa a gaba a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, a shirin Timation. Tauraronsu na 1967 agogon kwaz ya ɗauka, na 1974 ya ɗauki na rubidiyom, na 1977 ya ɗauki na siziyom. Lambobin da suke fama da su sun isa su nuna dalilin wahalar. Sigina daga tauraron da ke saman kai tana isowa ƙasa cikin kimanin kashi 67 cikin dubu na daƙiƙa. Kuskuren maikrosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, mita 300 ne a ƙasa. Mai son sanin wurinsa cikin 'yan mitoci sai ya auna lokaci cikin 'yan kasoshi na biliyan.

To a nan ne matsalar ta taso gadan-gadan. An sa agogon atam a sama, amma auna tsawon tafiyar sigina na buƙatar agogo biyu, na mai aikawa da na mai karɓa. Agogon kwaz da ke cikin waya, ko cikin na'urar soja, in ya kauce da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kawai, ya ƙara kilomita 300 a kowane awo. Da taurari uku, ƙwallayen nan uku masu girman ƙarya za su haɗu a wani wuri duk da haka, na'urar ta nuna shi da cikakken tabbaci, babu mai ƙaryata ta. Mafita ta fito daga lura da abu guda: agogon mai karɓa ɗaya ne, don haka kuskurensa iri ɗaya ne a dukkan awon. Abubuwan da ba a sani ba huɗu ne ke nan, uku na wuri, na huɗu kuskuren agogo, kuma huɗu na buƙatar awo huɗu. Ƙwallo na huɗu ba zai ratsa mahaɗar ukun farko ba muddin agogon na ƙarya. Sai na'urar ta yi ta gyara agogonta a lissafi, tana rage girman ƙwallayen ko ƙara shi baki ɗaya, har huɗun su haɗu a ɗigo guda. A wannan lokaci ta san inda take, ta kuma san ƙarfe nawa ne da daidaiton da ya kusa na agogon atam, alhali agogonta na 'yan kuɗi kaɗan ne. Wani nazari da injiniyoyi biyu na kamfanin Aerospace, Woodford da Nakamura, suka gabatar wa sojan sama a 1966 ya jera hanyoyi da dama ya nuna fa'idar wannan. A ganina ita ce shawara mafi nauyi a duk tarihin, domin ta sa na'urar mai karɓa ta zama mai araha kuma shiru. Soja ba ya tona asirin maɓoyarsa da aika sigina, kuma mutum biliyan na iya sauraro a lokaci guda ba tare da tsarin ya san da su ba.

Saura yadda na'ura za ta gane daidai lokacin da sigina ta baro tauraro. Shirin sojan sama mai suna 621B ya kawo amsar. Kowane tauraro yana maimaita wani jerin alamomi nasa na kansa, wanda a siginar farar hula guda 1,023 ne, suna komawa farko a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na'urar na haifar da irin wannan jeri a cikinta, ta yi ta zame shi har ya hau daidai kan wanda ke zuwa daga sama, kuma yawan zamewar shi ne jinkirin. Dabarar na tsamo siginar ko da ta fi hayaniyar rediyon da ke kewaye rauni. A kan wannan jeri tauraro ke ɗora bayanin falakinsa a hankali, alama 50 a daƙiƙa, abin da ya sa tsofaffin na'urori kan daɗe kafin su farga, wayoyin yau kuwa sukan ɗebo bayanin ta intanet. A farkon Satumba na 1973 Kanar Bradford Parkinson ya tara wasu jami'ai kaɗan a Pentagon suka haɗa siginar sojan sama da tunanin agogon sojan ruwa da gogewar Transit wajen hasashen falaki, aka amince da shirin a Disamba. Magoya bayan Easton da na Parkinson sun daɗe suna jayayya a kan wanda ya fi cancantar yabo, kuma jayayyar kanta a kan wa ya fara tunanin agogo da sigina take, babu mai da'awar shi ya ƙirƙiri haɗuwar da'irori.

Ka'idar Einstein ma ta wannan ƙofa ta shigo. Agogon da ke gudu da sauri yana jinkiri, abin da ke rage wa na tauraro kimanin maikrosakan 7 a yini, amma agogon da ke nesa da ƙarfin jan ƙasa yana sauri, abin da ke ƙara masa kimanin 45. Ragowar 38 ne a kullum, wanda a awon nisa ya haura kilomita 11. Tauraron 1977 ya tafi da na'urar gyara da aka bari a kashe na kimanin kwana ashirin, aka auna saurin agogon aka ga ya dace da hasashe, sannan aka kunna ta. Tun daga nan ana rage saurin agogunan kaɗan tun suna ƙasa.

Akwai ƙorafi guda da dole a ba shi haƙƙinsa. Nisa daga tauraro ba shi da amfani in ba a san inda tauraron yake ba, kuma sanin hakan na buƙatar sanin siffar duniya da yadda ƙarfin janta ke bambanta daga wuri zuwa wuri. Wannan aikin masana awon duniya ne, irin su Gladys West, masaniyar lissafi da ta shafe shekaru a sansanin sojan ruwa na Dahlgren tana sarrafa bayanan taurari don fitar da siffar duniya. Tashoshin sa ido a Hawai da Kwajalein da Diego Garcia da tsibirin Ascension, da cibiyar kula da tsarin a Kolorado, su ke bin sawun falakin. Safiyo a Nijeriya ya san nauyin wannan magana, domin lambobin da GPS ke bayarwa a kan ma'aunin WGS 84 suke, tsofaffin taswirori da takardun filaye kuwa a kan ma'aunin Minna, kuma wanda ya haɗa su ba tare da juyi ba zai ga iyakar fili ta gusa da mitoci gommai. Don haka agogo shi kaɗai bai gina GPS ba. Amma tashoshin sa idon nan da me suke gano inda tauraro yake? Da auna lokacin isowar siginarsa a kan nasu agogunan atam. Lissafin nan dai ne aka juya kansa ƙasa.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga hannun masu tsarin da kansu. Bayan jirgin yaƙin Sobiyet ya harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya ranar 1 ga Satumba, 1983, mutum 269 suka mutu, Shugaba Reagan ya sanar cewa farar hula za su amfana da GPS. Sojoji kuwa ba su so abokan gaba su sami cikakken daidaito, kuma da suka tashi rage shi, agogo suka taɓa: suka riƙa sa wa lokacin da taurari ke shelantawa ɗan kuskure da gangan, wanda ya kai kuskuren wuri kusan mita 100. An ɗage wannan a yaƙin Tekun Fasha na 1991, lokacin da sojojin Amurka suka dogara da na'urorin kasuwa saboda nasu ba su isa ba, aka maido shi, sannan Shugaba Clinton ya kashe shi a farkon Mayu na 2000, kuskuren ya faɗo zuwa 'yan mitoci cikin dare ɗaya. Wannan shi ne farashin da matafiyi ya biya. Kyaftin ɗin Beagle agogunansa na hannunsa, mai waya kuwa agogonsa na hannun wata gwamnati, kuma ƙasashen da suka fahimci haka ba su zauna ba: Tarayyar Sobiyet ta fara harba GLONASS a 1982, Tarayyar Turai ta buɗe Galileo a 2016, Sin ta kammala BeiDou a 2020. Ranar 26 ga Janairu, 2016, yayin sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, aka ɗora wa taurarin GPS da dama bayanin lokaci mai kuskuren maikrosakan 13. Masu neman hanya ba su ji komai ba, amma na'urorin kamfanonin sadarwa suka yi ta ƙararrawa na sa'o'i, rediyon dijital na BBC ya sami tangarɗa, domin su lokaci suke karɓa daga sama, ba wuri ba. A Yulin 2019 kuma Galileo ya daina aiki na kusan mako guda alhali taurarinsa fiye da ashirin lafiya lau suke a falakinsu, saboda kayan da ke lissafa lokaci da falaki a cibiyar kula da tsarin a ƙasa sun sami matsala.